Lasifikar Mai Magani da Rawanin Bakin Masallaci



Duk mai sallar la'asar a unguwar nan ya san muryar da za mu yi magana a kanta. Tun kafin liman ya sallame take tashi, daga kan wata tsohuwar mota da aka buɗe bayanta aka jera jarkoki da kwalabe da ƙullin gari a leda. Mai motar ba ya ma wahalar da maƙogwaronsa. An naɗi maganar tun a Arewa an zuba a memori, ita ke juyawa daga hantsi har magariba, shi kuwa yana zaune a inuwa yana ba da canji. Shagonmu bai fi taku 30 daga inda yake tsayawa ba, saboda haka mun sha ta har mun haddace, ba don muna so ba. Ran nan da kasuwa ta yi sanyi muka ɗauki biro da bayan kwalin sabulu, muka ce bari mu rubuta cututtukan da take lissafawa. Basir mai tsiro da marar tsiro. Sanyin mara, sanyin ƙashi, ciwon baya, ciwon gaɓoɓi. Jiri, kasala, rashin barci, ganin hazo-hazo. Yawan fitsari da tsayawar fitsari. Shawara, taifot, olsa, dattin ciki, kumburin ƙafa. Sai wani sashe mai tsawo da ba za mu iya sawa a takardar da 'ya'yanmu ke ɗauka ba. Kwalin ya cika, muryar ba ta gama ba. Kuma wai duk wannan kwalba ɗaya ce maganinsa, cokali biyu safe da yamma, a kunu ko a shayi.

Akwai murya ta biyu da ku ma kun san ta, ita kuwa tamu ce. Ranar da babban liman ba ya nan muka ja sallah, mu ne ke juyowa mu ce, "Jama'a a yi haƙuri a ɗan dakata, akwai sanarwa." Kowa ya san abin da ke tafe. Wane yana kwance an ce sai an yi masa aiki, wane ɓarin jikinsa ya shanye, wane ƙodarsa ta tsaya sai wanki. A shimfiɗa rawani a bakin ƙofa, mai ɗari biyu ya jefa, mai dubu ya jefa. Mun yi wannan sanarwa har mun fara lura da wani abu. In muka je dubiya gidan wanda aka yi wa tarin, muka zauna a gefen katifa, ba wuya mu hangi irin kwalbar nan a kan taga ko a lungun ɗaki, ta kusa ƙarewa. Shi ya sa muka ga ya kamata a zauna a bi maganar lasifikar nan daki-daki, yadda ake bin karatu a zaure.

Gaskiyar da za mu fara faɗa ita ce, wanda ya tsara maganar nan gwani ne. Da bisimilla yake buɗewa, ya yi salati, ya yi wa iyayen mai sauraro addu'a, na raye da waɗanda suka riga mu. Tun bai ambaci magani ba ya riga ya zura rigar malamai, kuma wa zai yi gardama da mutumin da ya fara da roƙa wa mahaifiyarka gafara? Sannan ya ce shi ba haye ya yi ba, gado ne tun kaka da kakanni. Daga nan sai tambayoyi. Kana tashi da safe ka ji jikinka kamar an yi maka duka? In ka daɗe a zaune ka miƙe, bayanka yana riƙewa? Kana gama cin abinci ka ji ciki ya cushe? To don Allah, wane ne ya haura 40 a unguwar nan, yana wuni a kan bencin canji ko yana sauke buhuna a Bodija, da zai amsa da a'a? Taru ne mai ƙananan idanu, ba kifin da zai kuɓuce. Mai sauraro ya ce, "Kai, mutumin nan kamar ya shiga jikina," alhali ya faɗi abin da ke jikin kowa ne.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne wajen kunya. Abin da magidanci ba zai iya gaya wa ɗan'uwansa na jini ba, shi zai kwarmata shi a bakin titi da barkwanci. Samari su yi ta dariya, dattijo ya haɗe rai ya wuce yana a'uziyya. Bayan isha'i kuma sai ka ga dattijon nan ya zagayo ta bayan motar, ko ya aiko yaro da kuɗi a dunƙule. Mun gani da idonmu, ba sau ɗaya ba.

Sai hujja. Yakan ce ba sai an ba ka labari ba, ka sha da dare, da asuba za ka ga dattin da ke cikinka ya fita. Kuma yana fita ɗin. Amma duk wanda ya tashi a gaban kakarsa ya san aikin filasko: ko lafiyayyen doki ka ɗura wa sai ya yi zawo. Gudawa ba shaidar waraka ba ce. Mutum ya wuni yana zarya banɗaki, jikinsa ya saki don ruwa ya ƙare masa, sai ya ce ya ji sakayau, magani ya ci. Ga kuma alkawarin nan na in bai yi maka ba ka dawo ka karɓi kuɗinka. Ka dawo ina? Wata mai zuwa motar tana Shagamu, na gaba tana Agege ko Ilori, wata kuma ta maye gurbinta da murya iri ɗaya.

Duk wannan muna iya cewa dabarar kasuwa ce, mu ma 'yan kasuwa ne, mun san kowa yana yabon hajarsa. Jimla ɗaya ce ba za mu iya yafewa ba, wadda yake cewa ba sai ka je an auna ka ba, asibiti cin kuɗi ne kawai, duk abin da ke damunka basir ne da sanyi. A nan ne tallan ya tashi daga ciniki ya koma ɗaukar alhaki.

Ku duba jerin nan da muka rubuta a kwali. Mutumin da ke yawan fitsari, ga ƙishirwa ba ta yankewa, yana ci yana ramewa, idonsa yana ganin hazo, ƙurji ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, wannan alamomin ciwon suga ke nan, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa kan nuna. In aka auna mutum da safe bai ci komai ba aka ga 126 ko sama, aka sake aka ga haka, to magana ta ƙare. Dattijon da ke tashi sau biyar cikin dare, ya tsuguna fitsarin yana fita da ƙyar, akwai wata ƙwaya a ƙarƙashin mafitsarar maza da ke kumbura in shekaru sun ja. Sau da yawa ƙwayar magani ko ƙaramin aiki ke gyara ta, wani lokaci kuma sankara ce, ita kuwa kama ta da wuri shi ne rabin magani. Ƙafa ta kumbura har ka danna yatsa ya lotsa, a binciki zuciya da ƙoda. Jini a bahaya yana iya zama basir na gaskiya, domin basir ciwo ne da ke akwai, ba mu ce babu shi ba. Amma ga wanda ya manyanta yana iya zama ciwon daji na hanji, kuma ba mai bambance su daga bakin lasifika. Cututtuka ne daban-daban, kowanne da ƙofarsa, shi kuwa ya tattara su ya raɗa musu suna ɗaya don kwalbarsa ɗaya ce.

Hawan jini kuwa ya fi su duka wayo, don yawanci ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban, shi ne hawan jini, ko da mutum yana jin zai iya kokawa da sa. Mu kanmu shaida ne, kuma ba za mu ɓoye ba tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kusan shekara biyu muna fama da nauyin ƙeya da jiri in mun ɗago daga ruku'u. Muka ce sanyi ne, muka sayi kwalbar nan, har muka yi wa wasu tallanta kyauta. Sai da Allah ya nufe mu da kujerar Makka, aka tilasta mana gwajin maniyyata, nas ɗin ta ɗaura mana abin awo, ta kalli lambar, ta kalle mu, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Da ba don dole ba, wallahi da ba mu je ba. Yau shekara huɗu muna haɗiyar ƙwaya ɗaya ƙarama kowace safiya.

Wani abokin cinikinmu, ɗan goro, wanda ya girme mu da kaɗan, shi bai samu wannan dolen ba. Mutum ne mai kazar-kazar, shi ke tayar da mu sallar asuba. Wata rana yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta harɗe. Aka ce iska ce ta buge shi, aka kwantar da shi a ɗaki, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafa mai. Sai rana ta uku aka kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan a sa'o'in farko ake gudu da mutum, ba a kwana. Mu muka yi sanarwarsa a masallaci. Abin da aka tara bai kai mako guda ba ya ƙare. Daga baya 'yan'uwa suka ce a mayar da shi gida Arewa, aka shimfiɗa masa katifa a mota, aka yi tafiyar kwana da wuni da mutumin da ba ya iya juya kansa. Rumfarsa tana nan, wani ke ciki. Yaransa biyu sun bar makaranta. Wannan maganar ta "a kai shi gida" ma abin dubawa ce. A garin nan akwai UCH, babban asibitin koyarwa da aka buɗe tun 1957, daga nan Sabo ko da ƙafa mutum zai je, mutane suna zuwa masa daga jihohi masu nisa. Mu kuma muna ɗauke marar lafiya daga bakin ƙofarsa mu kai shi ƙauyen da ko kemis sai an hau babur. Mun san dalili: a gida akwai masu jinya, kuma mutum yana son in ta Allah ta kasance ya kwanta kusa da iyayensa. To sai mu faɗi gaskiya cewa sallama muka yi da shi, mu daina cewa neman magani za a je.

Kada wani ya ce limamin nan ya zama ɗan boko yana zagin maganin gargajiya. Da sabara da marke da garafuni aka raine mu. Mun ga mai ɗori ya gyara hannun da ya goce. Shi kansa maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau, daga wani ganye aka fitar da shi a ƙasar Sin, dangin tazargade, har matar da ta jagoranci aikin ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma an auna shi, an san nawa ne ke warkarwa, nawa ne ke cutarwa, an san wanda bai kamata ya sha ba. Kuma mai maganin da muka sani a gida mazauni ne. Ya san ubanka, in ya cuce ka gobe za ku haɗu a jana'iza ko wurin suna. Irinsu ne za su dube ka su ce, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne, tafi gaba." A duk tsawon maganar lasifikar nan ba inda aka ce "wannan ba nawa ba ne."

Wasu kwalaben kuma suna ɗauke da lambar NAFDAC, masu su suna ɗaga ta sama kamar takardar shaidar malanta. Ku duba lambar da kyau. Ta magungunan gargajiya takan ƙare da harafin L, kuma abin da take nufi shi ne an duba an ga abin ba guba ba ne a yadda aka kai shi. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki, shi ya sa ma ake sa su rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da Turanci ake rubutawa, mu kuwa lambar kawai muke gani. Na cikin jarka da leda kuma ko wannan babu. An sha kama masu daka ƙwayoyin Bature su cuɗa a garin gargajiya, musamman a maganin maza, don mai sha ya ji aiki nan take. Ga mai ciwon zuciya wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗan'uwan lasifika shi ne "haɗi" na kemis da na masu yawo da kwali a ka. Ɗan dako ko ɗan acaɓa ya tashi aiki jiki ya yi tsami, ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ɓallo ja, a ɓallo fari, a ɓallo ruwan ɗorawa, a ƙulle a takarda ba suna. A ciki akwai irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda aikinsu ɗaya ne, haɗa su ninka illa ne. Shan su kullum yana cin bangon ciki har ya yi gyambo, yana kuma gajiyar da ƙoda. Sau da yawa akan jefa dexamethasone, wanda ke tayar da suga da hawan jini, ya kumbura fuska, mutane su ce wane ya murmure, Kurmi ta karɓe shi. Samarinmu kuma sun koyi tsayawa wurin masu agbo a tasha suna kurɓa da safe, wai maganin baya, ba sa tambaya ko da ruwa aka jiƙa ko da giya.

To me ya sa mai lasifika yake cin kasuwa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi da Hausa yake magana. A asibiti Turanci ne ko Yarbanci, kuma ko da yake 'ya'yanmu haifaffun Badun sun iya duka, ɗan ci-rani da ya sauka bara bai iya ba, tsohuwar da ta shekara 40 a cikin gida ita ma sai kame-kame. Ku yi tunanin gyatumar da ke fama da ciwo a wurin da ba a faɗa, an haɗa ta da jikanta ɗan sakandare ya yi mata tafinta a gaban likita namiji. Me za ta ce? Za ta ce kanta ke ciwo, a ba ta panadol, ta dawo gida da ciwonta. Mai lasifika kuwa har ƙofar gida yake aika mata ta hannun 'yar talla. Ga kuma layi. Mai tebur da ya bar teburinsa tun asuba don yankar kati, ya dawo bayan azahar, a ranar gidansa ba cefane. Ga kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, farashin magani ya tashi. A watan Agusta na shekarar kamfanin GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, masu asma da ke shaƙar Ventolin su suka fi kowa sanin abin da ya biyo baya. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Mutumin da aka miƙa wa takardar gwaji huɗu alhali abin da ke aljihunsa bai kai na ɗaya ba, in ya koma wurin kwalba ba wauta ce kaɗai ta kai shi ba. Wannan mun yarda da shi.

Amma laifi tudu ne, bari mu sauka daga kan namu. Wa ya ba mai motar wurin tsayawa a bakin masallaci? Mu ne. Yakan zo ya gaida liman, ya ajiye kwalba biyu ya ce a sa albarka, mu kuma mu ɗaga hannu. Mutane suna gani, kuma a wurinsu wannan ɗaga hannun ya fi lambar NAFDAC. Mun yi wa'azi kan tsawon wando, kan riba, kan kallon waya, shekara da shekaru, amma ba mu tuna ranar da muka tsaya muka ce wa jama'a duk wanda ya kai 40 ya je a auna jininsa ba. A zaman makoki kuma mu ne kan gaba wajen cewa, "Lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi, kwana ne ya ƙare." Kwana ya ƙare, wannan haka yake, ba mai ƙara wa wani daƙiƙa. Amma lafiyarsa ƙalau, wa ya auna? Ɗan kasuwar da ke kulle shagonsa da kwaɗo uku ya kuma biya maigadi, ba wanda ke ce masa ba shi da tawakkali. Sai a kan jikinsa ne tawakkali ke zama rufe ido. Haka a watan azumi, mai ciwon suga ya ajiye maganinsa ko ya sha shi barkatai, ya sha ruwa da lemon kwalba mai sanyi, alhali malamai ba su yi saɓani ba cewa marar lafiya yana da rangwame, kuma likita yana iya gyara masa lokutan sha in ya tambaya kafin watan ya kama.

Waɗanda ma suka je asibitin, da yawa suna sha wata ɗaya, su ji sauƙi, su ajiye. Sun ɗauka kamar na zazzaɓi ne, kwana uku an gama. Maganin hawan jini ba ya kashe ciwon, riƙe shi yake yi, ranar da ka sake shi ya miƙe. Wani kuma ya ga na maƙwabcinsa ya karɓe shi, sai ya ari kati ɗaya, kamar aron tabarma. Irin su amlodipine na kamfanonin da ba su da tsada, na wata guda bai kai abin da mutum ke kashewa a teburin mai shayi cikin 'yan kwanaki ba. Shayin ma da sukari cokali huɗu, miya da dunƙule biyar bayan gishiri, alhali gishirin da aka ce ya ishi babba a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Wannan magana ce ta iyayenmu mata, mun bar musu.

Mu koma kan rawanin bakin ƙofa, don shi ma yana da nasa aibin, ko da yake mu ke shimfiɗa shi. Sadaka ce, Allah ya karɓa, amma ba ta da adalci. Sanannen mutum mai jama'a, rawani ya cika har a ƙara da na 'yan canji. Baƙon da ke kwana a baranda yana tura baro, a tara abin da bai isa kuɗin mota ba. Ciwon mata kuwa kusan ba a sanar da shi, wane magidanci zai yarda a ambaci matarsa a lasifikar masallaci? Sai dai ta sayar da kwanukanta da ɗan kunnenta a ɓoye. Kuma kullum a makare yake zuwa, bayan ciwo ya ci ƙarfin mutum. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, ba wata ɗaya ba, ba biyu ba. Wane rawani ne zai ɗauki wannan? Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai mota ta tashi muke neman wuƙa.

Abin da ke ba mu haushi shi ne tsari ba baƙonmu ba ne. Iyayen da suka kafa Sabo a 1916 sun riƙa tura goro Arewa ana turo musu shanu, a kan bashi da amana, tsakanin garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan mil, ba banki ba waya. Maigida ya sauki fatake, ya ciyar da su, ya tsaya musu har a biya su. Yau ma muna adashin biki, adashin ragon layya, adashin kujerar Makka, 'yan goro da ƙungiyarsu, mahauta da tasu, 'yan acaɓa suna yankar tikiti kullum. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da nasu ajo, da ƙungiyoyin da ke ba mamba rance in ciwo ya zo. Adashin lafiya ne kawai muke jin kamar kiran ciwo ne. Tun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a ƙasar nan, Jihar Oyo ma tana da hukumarta da ɗan kasuwa zai iya shiga ya biya na shekara. Ba ta ɗaukar komai da komai, wannan gaskiya ne, a tambaya a ji abin da ta ɗauka kafin a biya. Masu cewa inshora caca ce, mun ji, kuma tambaya ce da ta cancanci zaman malaman unguwa. A namu ɗan karatun, jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar duk wanda ya faɗi a ɗaga shi, wannan taimakekeniya ce, irin wadda ake kira takaful. In ba a natsu da ta gwamnati ba, me ya hana kowace ƙungiyar sana'a ta buɗe nata asusun, da littafi, da mutum uku masu sa hannu, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata? Mun san abin da ke kashe irin wannan a wurinmu, ma'aji ya juya kuɗin a kasuwa ya ce zai mayar. Shi ya sa muka ce uku.

Makon jiya mun tashi mun je wurin mai motar da kanmu. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, baƙo kamar yadda iyayenmu suka zo baƙi, yana da iyali a gida da yake aika wa. Ya karɓe mu da girmamawa, ya ce, "Allah gafarta malam, ai ni ma sari nake yi, muryar ma ba tawa ba ce." Ya yarda zai riƙa kashe lasifikar lokacin sallah, ya kuma tsallake sashen batsar in 'yan Islamiyya sun taso. Maganar "ba sai an auna ka ba" kuwa ya ce ba ya iya cire ta, a haɗe take da sauran. Muka mayar masa da kwalabe biyun da ya kawo mana, ba a buɗe ba.

Wata 'yar unguwa da ta yi karatun jinya ta yarda ta ba mu lokacinta. Mun haɗa kuɗi mu kaɗan mun sayi abin awon jini da na suga. Maza, ranar Juma'a bayan la'asar a zauren masallaci. Mata, ranar Asabar da hantsi a Islamiyyar matan aure, ita kaɗai za ta zauna da ku, ba namiji ba tafinta. Mai son awon suga na sosai ya zo Lahadi bayan asuba bai karya ba. Ba a ba da magani, awo ne kawai, wanda aka ga nasa ya hau za a rubuta masa a takarda, a haɗa shi da yaro mai jin Yarbanci ya raka shi asibiti. Kowa ya taho da duk abin da yake sha, ƙwaya ko gari ko kwalba, a leda, ba wanda zai yi masa faɗa.

Mun gayyaci mai motar shi ma, don mun lura yana yawan dafe ƙeya. Ya ce in sha Allahu zai leƙo. Juma'a biyu ke nan bai zo ba.